Daga Turmi Zuwa Leda: Tarihin Sauyin Girki a Sangere da Kewayen Yola

Gabatarwa

A cikin darussan al'ada da ake koyarwa a ƙananan makarantun sakandare akwai wanda ya shafi abincin Hausawa. Abin da aka saba gani shi ne malami ya jero wa ɗalibai tuwo da miya da fura da kunu, ya kira su abincin gargajiya, sa'annan ya jero burodi da taliyar leda da kifin gwangwani, ya kira su abincin zamani. Ɗalibi ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, a ba shi maki. Wannan rabe-raben yana da sauƙin koyarwa, sai dai tarihi bai goyi bayansa ba. Matar da ta auno garin masara a kasuwar Jimeta, ta tuƙa tuwo a kan gas, ta kaɗa miyar kuka da dunƙulen magi, girkin gida ta yi ko kuwa abincin kanti ta harhaɗa? Kakarta da ta yi surfe da hannunta amma ta aiki yaro ya sayo mata daddawa da ƙuli-ƙuli a maƙwabta, ita kuma a wane ɓangare za a sa ta?

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda iyakar da ke tsakanin abin da uwargida ke sarrafawa da kanta da abin da take saye a sarrafe ta riƙa gusawa cikin shekaru kusan ɗari biyu. An zaɓi Sangere da garuruwan Yola da Jimeta ne saboda wuri ne da Hausa ta zama harshen kasuwa da na makaranta ga Fulani da Bata da Bachama da Kilba da Margi da Chamba da sauransu, kuma wuri ne da ake iya ganin tsohon girki da sabo a layi ɗaya.

Sangere da Ƙasar Fombina

Kalmar "sangeere" a Fulatanci tana nufin sansanin yaƙi, shi ya sa ake samun sunan a wuri fiye da ɗaya a ƙasar Adamawa. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce ta Ƙaramar Hukumar Girei, wadda matafiyi ke tararwa idan ya haye gadar Binuwai daga Jimeta ya kama hanyar Song da Mubi. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Yola a 1841 bayan ya zauna a Gurin da Ribadu, ya kuma rasu a 1847. Ɗansa Lamiɗo Lawal shi ne ya yi fama da Batan da ke duwatsun Bagale a arewacin kogin, kuma a wannan zamani ne Girei ta yi ƙarfi a matsayin mazaunin mayaƙa.

Abincin wannan ƙasa a lokacin dawa ce da gero da nono da gyaɗa da kifin Binuwai. Bafulatani yana kiran tuwo "nyiiri", miya "haako", kunu kuwa "mbusiri". Akwai kuma dawar rani da ake dasawa a ƙasar laka bayan ruwa ya janye, wadda Fulani ke kira "muskuwaari", Barebari da Hausawa kuma masakwa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Yola a watan Yunin 1851 kuma Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, ya lura cewa gyaɗa tana da babban matsayi a cimar mutanen Adamawa, har ya kwatanta ta da matsayin dankali a Turai. Abin lura a nan shi ne gyaɗa ba 'yar asalin Afirka ba ce. Daga Kudancin Amurka ta zo ta hannun Turawan Fotugal, kamar yadda masara da rogo da barkono da tumatir duk suka tsallako daga nahiyar Amurka bayan 1492. Ke nan kunun gyaɗa, wanda a yau ba a raba shi da sunan Adamawa, shi ma akwai lokacin da yake baƙo.

Aikin da ke Cikin Malmala Ɗaya

Kafin a yi maganar sauƙi, ya kamata a san wahalar da aka guda. A gidan da ke da rumbu, girkin dare yakan fara ne tun da hantsi. Za a ciro damin dawa ko na gero a sussuke shi a turmi, a sheƙe, a raba tsaba da ƙaiƙayi. Sai a yayyafa wa tsabar ruwa a surfa ta har dusa ta saki, a bakace a faifai, a wanke. Ruwan wankin shi ne ƙasari, wanda ake ba dabbobi tare da dusar. A shanya surfen ya sha iska, sa'annan a daka shi ko a niƙa a kan dutse, a tankaɗe da rariya. Abin da ya ƙi wucewa shi ne tsaki, a mayar da shi turmi a ribɗa, a sake tankaɗewa. Sai bayan duk wannan ne za a ɗora sanwa, a yi talge, a bar shi ya nuna, a zuba gari a tuƙa da muciya, a rufe ya turara, a kwashe da mara a malmala a akushi ko a ƙwarya. Miya kuma tana da nata aikin: kuka da kuɓewa busassa da barkono da citta duk sai an daka, ruwa sai an ɗebo, itace sai an faskara.

Wannan aiki na sa'o'i ne, kuma na kullum ne, domin garin da aka surfa da ruwa ba ya jure ajiya a ƙasa mai zafi irin Yola. Tambayar da littattafan makaranta ba su cika yi ba ita ce: wa ke yin sa? A gidajen talakawa, matan gida ne da 'yan mata. A gidajen sarauta da na attajirai na ƙarni na 19 kuwa, bayi ne. Hatsin ma daga ƙauyukan bayi yake zuwa, waɗanda ake kira "rumde" a Fulatanci, rinji a Hausa, kuma sunan yana nan har yau a kan unguwa a Jimeta. Turawan Ingila sun ci Yola a watan Satumbar 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice daga garin. Dokar da suka kafa a shekarar ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun 1901, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Yayin da bauta ke ja da baya, turmi da taɓarya suka koma hannun matan aure da 'ya'yansu da 'yan riƙo. Duk wanda ke yabon girkin da, wajibi ne ya sa wannan a lissafi. Daɗin tuwon da aka daka da hannu gaskiya ne, kantar da ke tafin hannun mai dakan ita ma gaskiya ce.

Duk da haka, aikin ya haifar da adabi. Lugude, wato yadda mata biyu ko uku ke jefa taɓare a turmi ɗaya bisa kari har da tafi a tsakani, shi ne kiɗan waƙoƙin daka. Waƙoƙin niƙa kuwa mace ɗaya ke rera su a durƙushe gaban dutse, kuma a nan take amayar da abin da ke cinta game da kishiya ko uwar miji ko kewar gida, cikin habaici da zambo.

Abin Saye Ba Baƙo Ba ne

Kuskure ne a ɗauka cewa a da kowane gida shi ke sarrafa duk abin da zai ci. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin abincin da aka gama sarrafawa. Fura ana sayenta a dunƙule, a dama da nonon da Bafulatana ta kawo. Koko da ƙosai na karin kumallo daga gidan mai koko suke fitowa. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli sana'ar wasu mata ce, daddawa ta wasu, kilishi da tsire na mahauta. Matafiyi da ɗan kasuwa da mayaƙi suna da guzurinsu wanda ba ya bukatar wuta: gumba, dakuwa, dambun nama, garin da za a jiƙa da ruwa a sha. Wanda ya zauna a sansanin yaƙi na ƙarni na 19 ba zai rasa irin wannan guzuri a burgamensa ba.

Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna yadda matan kulle ke gudanar da kasuwa sukutum daga cikin gidajensu, yara na kai da kawowa. Enid Schildkrout ta ga irin wannan a birnin Kano a shekarun 1970, inda tallar yara ta zama ƙafar matan da ba sa fita. A gidaje da yawa abincin rana ba a girka shi, sayensa ake yi, tuwon dare ne kawai wajibin mai girki. Saboda haka, abin da ya sauya a ƙarni na 20 ba sayen sarrafaffen abinci ba ne. Abin da ya sauya shi ne wanda ke sarrafawa, da inda kuɗin ke tafiya. A da kobon da aka ba yaro ya sayo daddawa yana faɗawa ne a asusun wata mata a bayan katanga, ta tara ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Yanzu wani kaso mai yawa na kuɗin cefane yana bin motar kamfani zuwa Legas ko Ogun, wani ma ya tsallake teku.

Kogi shi ya fara buɗe wannan ƙofa. Tun shekarun 1880 kamfanin Turawa da ya zama Royal Niger Company yake ciniki a Yola daga cikin wani jirgin ruwa da aka girke a kogi, domin Lamiɗo bai yarda su yi gini a tudu ba. Jiragen kaya ba sa isowa sai da damina idan Binuwai ta cika, kuma Jimeta ta girma ne a matsayin tashar jirage da mazaunin ma'aikatan gwamnati da kantuna. Gishirin Turawa ya zo ya yi gogayya da manda da gishirin da fatake ke kawowa, daga baya sukari da madarar gwangwani da ganyen shayi suka biyo.

Injin Niƙa

Idan ana neman abu ɗaya da ya fi sauya rayuwar matan Arewa a ɗakin girki, ba magi ba ne, ba kuma taliya ba. Injin niƙa ne. Ya fara bayyana a manyan garuruwa a ƙarshen zamanin mulkin mallaka, ya bazu zuwa ƙauyuka a shekarun 1970 lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita. Aikin da ke cin rabin yini ya koma na 'yan mintoci: a ba yarinya kwano da kuɗi ta kai niƙa ko markaɗe. Daga baya injin surfe ya zo ya ɗauke sauran aikin. Masara, wadda ke da taurin daka, ta sami shiga sosai a tukunyar tuwo bayan da inji ya sauƙaƙa ta, takin zamani da sabon iri kuma suka yawaita ta a gonaki.

Abin mamaki shi ne babu mai cewa tuwon da aka niƙa garinsa a inji ba girkin gida ba ne. Tsofaffi sun yi ƙorafi a farko cewa garin inji yana ƙamshin ƙarfe kuma tuwonsa ba ya kwana, amma ƙorafin bai hana kowa kai niƙa ba. Ma'anar "girka da kanka" ta matsa taki ɗaya ba tare da an yi shela ba. Dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙoƙinsa suka bi shi.

Daddawa da Dunƙule

A nan ne gogayyar ta fi fitowa fili. Daddawa ana yin ta ne da kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa. Ana dafa kalwar tsawon yini ko kwana har ta yi laushi, a surfa ta a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ganye ko buhu kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so, sa'annan a kirɓa, a mulmula ko a faɗaɗa, a shanya. A Adamawa da arewacin Kamaru akwai kuma wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, Fulani na ce mata "mbuuja", Hausawa kuma daddawar batso. Masana kimiyyar abinci sun gano cewa wasu ƙwayoyin halitta ne ke narka furotin ɗin kalwa a lokacin rufin, su fitar da sinadarin gulutamet, wanda shi ke ba miya wannan ɗanɗano mai cika baki.

Wannan sinadari dai shi ne Kikunae Ikeda na Jami'ar Tokyo ya tace daga ciyawar teku a 1908, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909. Shi ne Hausawa ke kira farin magi, kuma kamfanin ya kafa reshensa a Nijeriya a 1991. Shi kuwa Julius Maggi mutumin Suwizalan ne mai injin niƙa fulawa. A shekarun 1880 ya fara yin garin miya na wake domin matan da ke aiki a masana'antu waɗanda ba su da lokacin girki, dunƙulen kuma ya fito a 1908. Kamfanin Nestlé ya haɗe da Maggi a 1947, kuma dunƙulen ya shigo kasuwannin Nijeriya a shekarun 1960. Ashe tun asalinsa an ƙirƙire shi ne domin macen da aiki ya raba da murhu.

Dalilan da suka sa ya ci kasuwa ba ɓoyayyu ba ne. Ana sayar da shi ɗaya-ɗaya daidai aljihun talaka, ba ya lalacewa, ba ya wari a ɗaki, ɗanɗanonsa ɗaya ne yau da gobe. Rediyo da talabijin da gasar girke-girke sun haɗa shi da wayewa, har amaryar da ta yi boko ta fara jin kunyar a ji ƙamshin daddawa a ɗakinta. Sunan ya zama gama-gari, ta yadda kowane dunƙule, ko na wane kamfani ne, magi ake ce masa. Ita kuma ɗorawa tana raguwa a daji saboda sara da faɗaɗa gonaki, kalwa ta yi tsada, har masu daddawa da dama suka koma yin ta da waken suya.

Amma ba daidai ba ne a ce dunƙule ya maye gurbin daddawa ta fuskar gina jiki. Daddawa abinci ce mai furotin da mai, kuma a gidan da nama ba ya shiga tukunya sai ranar kasuwa, ɗan abin da take ƙarawa yana da amfani. Dunƙule kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, alhali mai girki takan jefa dunƙule da yawa a tukunya ɗaya ta kuma ƙara gishiri da farin magi a kai. Dangantakar yawan gishiri da hawan jini abu ne da likitoci suka tabbatar. Ta ɗaya gefen kuma, adalci ne a faɗi cewa abincin masana'anta ya kawo wani alheri da turmi ba zai iya kawowa ba. Tun 1993 doka ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya, abin da ya rage cutar maƙoƙo ƙwarai, kuma daga 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki. A zahiri matan Yola ba su zaɓi ɗaya sun yar da ɗaya ba. Miyar kuka ko ta yakuwa da gyaɗa a yawancin gidaje tana ɗauke da daddawa da dunƙule a tare, kowanne da aikinsa.

Alkama, Burodi da Taliya

Alkama ba baƙuwa ba ce a Arewa. An daɗe ana nomanta da rani a Kano da Barno, ana yin alkaki da finkaso da gurasa da taliyar murji, amma abincin masu hali ne da na ranar biki. Abin da ya mayar da ita cimar kowa shi ne alkamar da ake shigowa da ita daga Amurka. An kafa Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara aiki a 1962. Ƙarin albashin Udoji na 1974 da arhar kayan waje sun sa burodi da shayi sun zama karin kumallon ma'aikaci. A 1976 Yola ta zama hedikwatar Jihar Gongola, ma'aikata suka cika Jimeta, gidajen burodi da teburan masu shayi suka yawaita. Kamfanin sukari na Savannah da ke Numan, wanda aka gina madatsar ruwa ta Kiri domin rakensa, shi ma na wannan zamani ne.

Gunilla Andrae da Björn Beckman sun wallafa littafi a 1985 mai suna The Wheat Trap, inda suka nuna yadda ƙasa ta saba da abincin da ba ta iya noma isasshensa ba. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga farkon 1987, aka yi ta ƙoƙarin nomanta a gida, amma aka janye hanin a 1992. Baki ya riga ya saba.

A cikin wannan yanayi ne taliyar leda ta iso. Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a Japan a 1958: a dafa taliya, a soya ta a mai har ta bushe, ta yadda ruwan zafi kaɗai zai dawo da ita. Indomie ta kamfanin Indofood ce na ƙasar Indunisiya. An fara shigo da ita Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka buɗe masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka buɗe wata a Kaduna. Kamar magi, sunanta ya zama na kowace taliya irinta. Ita ce abinci na farko da yaro ɗan shekara goma zai iya dafa wa kansa ba tare da ya koyi komai daga uwarsa ba, kuma ita ce ta mayar da teburin mai shayi ya zama gidan abinci.

Sangeren Ɗalibai

An kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Yola a 1981, aka sa mata sunan Modibbo Adama a 2011, kuma mazauninta na dindindin yana ƙasar Girei. Sangere, wadda ke bakin jami'ar, ta tashi daga ƙauyen manoma ta zama garin ɗalibai da ma'aikata da masu gidajen haya. Ɗakin ɗalibi ba shi da tsakar gida, ba turmi, ba murhun duwatsu uku. Abin da ke ciki shi ne risho ko ƙaramar tukunyar gas ko kurfoti, da tukunya ɗaya ko biyu. Wanda zai shiga lacca da ƙarfe takwas ba zai yi talge ba. Cimarsa taliya ce da ƙwai, shinkafa da wake da mai da yaji, garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, burodi da shayi.

Sai dai idan aka buɗe jakar da ɗalibin ya dawo da ita daga hutu, za a ga wani abu. Akwai yajin da uwarsa ta daka, da garin kunu, da kuka, da kuɓewa busassa, da soyayyen nama ko dambu, da man gyaɗa a jarka. Wannan duk sarrafaffen abinci ne, an yi shi ne domin a sauƙaƙa wa wanda ba shi da lokaci, bambancinsa da na kanti kawai shi ne an san hannun da ya yi shi. Matan garin su ma sun sami kasuwa: ƙosai da waina da ɗanwake da kunun gyaɗa da awara suna fitowa daga gidaje zuwa bakin titi kamar yadda ake yi tun zamanin kakanni. Awara ma misali ce mai kyau. Cukwin waken suya ne wanda asalinsa na Sin ne, bai yaɗu a Arewa ba sai daga shekarun 1980 zuwa 1990, amma a yau ɗalibi zai sa ta a jerin abincin gargajiya ba tare da wani ya yi masa gyara ba. Wasu matan kuma sun koyi dabarar kamfani, suna ƙulla garin kunun gyaɗa da garin ɗanwake da dakakkiyar daddawa a leda ko a roba, suna sayarwa a shaguna da ta wayar hannu.

Tarihin kwanan nan ya nuna cewa zaɓin abin da za a girka ba na sha'awa ba ne kawai. Lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoban 2014, dubban mutane sun kwararo Yola da Jimeta da Girei, wasu a sansanoni irin na Damare da Malkohi, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa. Manoman da suka bar rumbunansu cike suka koma cin abin da aka auna musu, kuma macen da ba ta da turmi ko itace dole ta karɓi abin da zai dahu da wuri. Ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 ta cinye gonakin fadama. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira sun tsauwala kuɗin niƙa da na gas da na duk abin da ake yi da alkamar waje. Gidaje da dama sun koma gawayi da itace, sun koma auno masara a kai inji domin ta fi auki. Wake kuwa, duk da amfaninsa, yana cin wuta, saboda haka mai lissafin gawayi yakan guje shi ya dafa taliya. Sau da yawa tsadar makamashi ce ke yanke hukunci kafin a zo ga maganar ɗanɗano ko lafiya.

Abin da Ya Shafi Manhaja

Masu binciken abinci a Jami'ar Sao Paulo ta Barazil, ƙarƙashin Carlos Monteiro, sun fito da wani rabe-rabe a 2009 wanda ya fi na "gargajiya da zamani" amfani ga malami. Suna duba yawan sarrafawar da aka yi wa abinci ne da manufarta. A bisa wannan ma'auni, garin masara na inji da kuka da busasshen kifi suna kusa da yadda Allah ya halicce su, man gyaɗa da gishiri da sukari kayan haɗi ne, taliyar leda da lemon kwalba da biskit kuwa suna can ƙarshe, cikin abin da masana'anta ta harhaɗa daga sinadarai. Ɗalibin aji biyu zai iya jera abin da ya ci jiya a kan wannan tsani da Hausa, ya kuma faɗi wanda ya sarrafa kowanne da inda aka sarrafa shi.

Ta fuskar harshe kuwa, asarar da ake yi a bayyane take. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin sarrafa hatsi waɗanda a lokacin kowace yarinya ta san su. Yaron da ya tashi a gidan haya a Jimeta ko Sangere, wanda Hausarsa ta titi ce da makaranta, yana iya kammala sakandare bai taɓa jin ribɗi ko ƙasari ko bakace ba, kuma idan ya ci karo da lugude a cikin rubutacciyar waƙa ko karin magana sai ya tsaya. Haddar jerin kalmomi ba za ta magance wannan ba, domin kalmar aiki ba ta zama a kai sai an ga aikin. Turmi da faifai da mudun dawa ba su fi ƙarfin makaranta ba, kuma a kowace unguwa akwai dattijuwar da za ta iya nuna surfe da bakace a cikin darasi ɗaya. A aji irin na Adamawa akwai ƙarin riba, domin ɗalibi Bafulatani da Babachame da Bamargi kowanne zai kawo sunan da ake kiran matakin a harshensu, a rubuta su a allo kusa da na Hausa. Sababbin kalmomi su ma suna da haƙƙin shiga littafi. Risho da kurfoti da markaɗe da dunƙule da leda Hausa ce da ake magana da ita kullum a kasuwar Jimeta, kuma ya kamata ɗalibi ya san yadda ake rubuta su daidai da ƙa'ida, ya kuma san lokacin da kowace ta shigo harshen da abin da ta zo ta tarar.